Turanci a Ƙofar Jami'a: Ana Auna Ɗalibi Sau Uku, Ba a San Inda Ya Tsaya Ba

A farkon watan Agustan 2025 hukumar WAEC ta fitar da sakamakon jarabawar kammala sakandare a Najeriya. Ta ce cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna, kashi 38.32 cikin ɗari ne kacal suka samu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi. Hankalin iyaye da malamai ya tashi, domin a shekarar da ta gabata adadin ya haura kashi 72. Kwanaki kaɗan bayan haka shugaban hukumar a Najeriya, Dokta Amos Dangut, ya fito ya ba da haƙuri, ya ce an yi kuskure wajen duba ɗaya daga cikin takardun Turanci ta zaɓin amsa. Da aka sake duba takardar, adadin ya koma kashi 62.96. Wato yara kusan rabin miliyan ne suka kwana da cewa hanyar jami'a ta toshe musu bana, suka wayi gari ta buɗe, alhali ko harafi ɗaya ba su ƙara koya ba.

Wannan jarabawa ta Turanci ita ce dai wadda a watan Mayun shekarar aka jinkirta saboda tambayoyinta sun fita, har yara a wasu jihohi suka rubuta ta da dare, da tocila da fitilar waya. Duk wanda ya ga hotunan wannan dare ya san nauyin da aka ɗora wa darasi ɗaya. Yaro zai iya faɗuwa Tattalin Arziki ya lalubi wani kwas ɗin, zai iya faɗuwa Kimiyyar Sinadarai ya koma ɓangaren fasaha. Ko Lissafi ma, a watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa ya daina zama dole ga masu neman kwasa-kwasan adabi da dangoginsu. Turanci ne kaɗai babu wanda ya isa ya kewaye shi.

Ƙofa bayan ƙofa

Ƙa'idar da kowane gida mai ɗan sakandare ya haddace ita ce kiredit biyar, a zama ɗaya ko biyu, daga WAEC ko NECO ko NABTEB ko kuma NBAIS ta makarantun Larabci da addini. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. Wanda ya samu D7 a Turanci, a takarda ya ci, amma a wurin jami'a shi da wanda ya samu F9 duk kanwar ja ce. Shi ya sa za ka ji uwa tana ba da labarin ɗanta tana cewa komai ya yi kyau, Turanci ne ya riƙe shi.

Bayan wannan sai JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 domin ta haɗa neman gurbin jami'o'i wuri ɗaya. Jarabawarta darussa huɗu ce a kan maki 400. Uku ɗalibi ne yake zaɓa gwargwadon kwas ɗin da yake so, na huɗun kuwa Turanci ne, kuma dole ne a kan kowa, har wanda zai yi digiri a Hausa ko a Larabci. Tambayoyin Turancin 60 ne, sauran darussan 40 kowanne, kuma tun 2015 duka a kwamfuta ake amsawa. Akwai karanta nassi a amsa tambaya, akwai cike gurbi, akwai nahawu da ma'anar kalmomi, akwai tambayoyi kan wani ƙagaggen labari da hukumar take zaɓa. Shekaru da dama littafin Khadija Abubakar Jalli ne, The Life Changer, kafin a 2025 a koma na Kabir Alabi Garba, The Lekki Headmaster. Akwai kuma sashen furuci, inda ake tambayar yaro wace gaɓa ake dannawa a kalma, shi kuma ya latsa A ko B bai buɗe baki ba.

Idan ya tsallake nan, da yawan jami'o'i suna da tasu tantancewar, wadda aka fara a 2005, aka soke a 2016 zamanin minista Adamu Adamu, aka dawo da ita a 2017. A wasu wurare takardu kawai ake dubawa, a wasu kuma sai an sake zama gaban kwamfuta, kuma da wuya a rasa Turanci a ciki.

Sau uku ke nan ana auna harshe ɗaya. Abin mamaki shi ne bayan duk wannan, ranar da ɗalibi ya shiga aji, malamin da ke gabansa bai san komai ba game da Turancinsa illa cewa ya wuce. Zai iya sauraron lacca ta awa biyu ya fitar da abin da aka ce? Zai iya karanta babi guda na littafin Kimiyyar Halittu ya taƙaita shi da kalmominsa? Zai iya rubuta shafi biyu masu kai da gindi? Jarabawar JAMB ba ta sa kowa ya rubuta ko jimla ɗaya. Ta WAEC tana da insha'i da taƙaitawa, amma abin da yake isa jami'a harafi ne da lamba, C5 ko B3, kuma kowa ya san akwai cibiyoyin da ake biyan kuɗi a samo wannan harafin. Duk gwaje-gwajen nan an gina su ne domin su amsa tambaya guda, wa za a bari ya shiga. Tambayar da ta fi amfani ga malami da ɗalibi, wato daga ina za a fara koya masa, babu mai yin ta.

Bayan an shiga

Abin da jami'a ta tanada shi ne kwas ɗin gama-gari na shekarar farko. A sabon tsarin manhaja da hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 sunansa GST 111, ko da yake ɗalibai a jami'o'i daban-daban sun saba da wasu sunayen. Kowa sai ya yi shi, kuma kowa iri ɗaya. Yarinyar da ta tashi a makarantar kuɗi a Abuja, wadda da Turanci take mafarki, da yaron da ya fito daga makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo a ƙauye, wanda malamin Turancinsa ma da Hausa yake bayani, benci ɗaya za su zauna. Ɗakin lacca ya cika maƙil da ɗaruruwan mutane, wasu a tsaye a bakin taga. Malami ɗaya ba zai iya duba insha'in wannan taro ba ko da kwana zai yi yana yi, saboda haka a jami'o'i da yawa jarabawar kwas ɗin ma ta koma zaɓin amsa a kwamfuta. Kwas ɗin da aka ƙirƙira domin koyar da rubutu ana cin sa ba tare da an yi rubutu ba.

Ita yarinyar Abuja ɓata mata lokaci aka yi. Shi kuwa yaron ƙauye bai samu abin da yake buƙata ba, kuma ba a nan zai ji jiki ba. Zai ji a sauran darussa, inda zai koma haddar takardun malami kalma da kalma domin ba shi da Turancin da zai faɗi abin da ya fahimta. Idan tambaya ta zo a juye, sai ya faɗi, a ce ba shi da ƙoƙari. Na sha ganin ɗalibin da idan ka zaunar da shi ka ce ya yi maka bayanin darasin da Hausa, sai ka riƙe baki, amma takardarsa ta jarabawa ba ta nuna ko rabin abin da ya sani. Matsalar takan ɓuya har aji huɗu, lokacin rubuta kundin kammala digiri, inda mai duba aiki zai tarar da ɗalibin da ba ya iya haɗa sakin layi. Daga nan sai kwafe aikin wasu, ko a biya wani ya rubuta, ko kuma a yanzu a sa manhajar waya ta rubuta.

Inda ake tambaya daga ina za a fara

Ba sai mun je Turai ba kafin mu ga wata hanyar. Hausawan da suka yi karatu a ƙasashen Larabawa sun san ta. Baƙon ɗalibin da ya isa Azhar a Alƙahira yakan fara ne da jarabawar da suke kira tahdidul mustawa. Ba a korar mutum saboda sakamakonta. Aikinta ta nuna matakin da za a ajiye shi a cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne: na masu farawa, ko na tsakiya, ko na waɗanda suka yi nisa. Wanda Larabcinsa ya nuna zai wuce da sauri, wanda bai nuna ba zai hau matakan ɗaya bayan ɗaya har ya kai inda zai iya zama a kwaleji. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ita ma tana da cibiya irin wannan mai matakai huɗu cikin shekara biyu. Littattafan Durusul Lugga na Dokta V. Abdur Rahim, waɗanda ake karantarwa a Islamiyyu da zaurukan Arewa, domin irin waɗannan ɗaliban aka rubuta su.

Haka abin yake a Turkiyya. Wanda ya samu tallafin karatu na gwamnatin ƙasar, idan ba shi da shaidar iya Turkanci, shekararsa ta farko kacokan ta koyon harshe ce, kuma a cikin tallafin take. Jami'o'insu da suke koyarwa da Turanci, irin su Boğaziçi a Istanbul, suna yi wa 'yan ƙasarsu ma gwajin Turanci bayan sun ba su gurbi. Wanda ya ci ya wuce aji ɗaya, wanda bai ci ba ya yi shekarar share fage. Likitoci da injiniyoyinmu da suka yi karatu a Rasha tun zamanin Tarayyar Sobiyet ta irin wannan shekarar suka bi. Dukkansu sun ɗauki rashin harshe a matsayin giɓin da makaranta za ta cike.

Mu ma a gida mun san wannan tun kafin boko. Idan aka kawo sabon almajiri tsangaya daga wata makarantar, malam ba ya cewa ya koma saboda bai iya ba. Yakan zaunar da shi ya ce ya biya, ya ji ko a babbaƙu yake, ko ya shiga farfaru, ko ya yi nisa a izu. Inda ya ji bakinsa ya fara sarƙewa, daga nan za a rubuta masa allo.

Ko a bokon, Arewa ta taɓa gina irin wannan gada. A zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, aka buɗe makarantar share fage a cikin jami'ar domin ɗaliban da makarantunsu ba su kai su matakin shiga digiri ba. Manya da yawa da ake ji da su a yau ta nan suka bi. Har gobe akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa, akwai shirin IJMB, akwai kwalejoji irin CAS ta Kano. Sai dai a yau galibin masu zuwa irin waɗannan wurare neman wata hanyar samun gurbi ce take kai su, kuma kuɗi ake biya. Sun zama layin jira a wajen ƙofa. Wanda ya riga ya shiga da raunin Turancinsa, babu wanda ya sake waiwayarsa.

Akwai wani abin ban dariya a nan. Ɗalibin da yake digiri a Faransanci a Najeriya ana tura shi ƙauyen koyon Faransanci da ke Badagry ya zauna cikin harshen, na Larabci kuma ana tura shi takwaransa na Ngala a jihar Borno, wanda rikicin Boko Haram ya sa ya koma aiki daga Maiduguri. Gwamnati ta yarda cewa waɗannan harsuna baƙi ne, sai an nutsa a ciki. Turanci ne kawai ake yi wa kallon harshen da kowa ya taso da shi, alhali ga miliyoyin yara a Katsina da Jigawa da Yobe baƙuncinsa bai gaza na Faransanci ba.

Gwajin ma yana da nasa haɗarin

Kada a ɗauka da an kawo gwajin tantance mataki shi ke nan. Amurka ta daɗe tana yin sa, kuma ta ga illarsa. Shekaru da yawa kwalejojinsu suna sa sabon ɗalibi ya zauna gwaji irin ACCUPLACER, wanda bai yi kyau ba a tura shi azuzuwan gyara da ba a lissafa su cikin digiri, wani lokaci hawa biyu ko uku kafin ya kai darasin gaske. Bincike ya nuna da yawa ba sa kaiwa: kuɗi ya ƙare, ko zuciya ta karaya, su bar makarantar. An kuma gano cewa gwajin zama ɗaya yana jefa mutane da yawa ƙasa da inda suka cancanta, kuma 'ya'yan talakawa da baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka ne suka fi faɗawa. A 2017 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ake kira AB 705, wadda ta sa kwalejojin al'umma su dubi sakamakon sakandare na ɗalibi maimakon dogaro da gwaji, kuma a shekarar ce jami'o'in jihar na tsarin CSU suka soke nasu gwajin na Turanci da Lissafi. Abin da suka koma yi shi ne a sa ɗalibi a darasin gaske kai tsaye, a haɗa masa da ƙarin awoyi na taimako a gefe. Adadin masu cin darasin Turanci na matakin jami'a a shekararsu ta farko ya ƙaru.

Afirka ta Kudu, wadda yanayinta ya fi kama da namu, tana da gwajin ƙasa da ake kira NBT. Wani sashensa yana auna iya karatu da fahimta irin na jami'a, ya raba ɗalibai gida uku: waɗanda za su iya da kansu, waɗanda suke buƙatar tallafi, da waɗanda suke buƙatar tallafi mai yawa. Jami'o'i da dama suna amfani da shi su sa ɗalibi a tsarin digiri mai ƙarin shekara ɗaya, inda ake shimfiɗa darussan farko a haɗa su da koyon rubutu, kuma gwamnati tana ba da kuɗi na musamman domin wannan. Su ma suna da ƙorafi, domin ɗalibai sukan ce tsarin yana sa a riƙa nuna su da yatsa.

A Najeriya haɗarin ya fi haka, kuma kowa ya san shi. Duk wata sabuwar jarabawa takan rikiɗe ta zama sabuwar hanyar karɓar kuɗi da sabon dalilin hana gurbi. Idan za a yi gwajin tantance mataki, sai dai a yi shi bayan ɗalibi ya riga ya yi rajista, kyauta, kuma a rubuta a doka cewa ba ya taɓa gurbin kowa. In ba haka ba, gara a bar mu da ukun da muke da su.

Tushen abin yana firamare

Za a ce jami'a ba wurin koyon Turanci ba ne, a gyara firamare. Gaskiya ne, sai dai gardamar firamaren ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida tare da ba su ƙwararrun malaman Turanci, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare shida. A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Dokta Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce Turanci za a yi amfani da shi tun daga ajin farko, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a WAEC da NECO da JAMB.

A ganina hujjar ba ta zauna ba. Manufar da aka amince da ita a 2022, wadda ko littattafanta ba a gama samarwa ba, ba ita ta kayar da masu jarabawar 2025 ba, domin su sun bar firamare tun kafin a yi ta. Abin da ake yi a ajin gwamnati a Arewa ba koyarwa da Hausa ba ce a tsare, ba kuma koyarwa da Turanci ba ce. Malam ne yake karanta littafin Turanci ya fassara iya iyawarsa. Amma ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, yaran da za su nemi jami'a daga yanzu zuwa shekara goma sun riga sun wuce ajin da ake gardama a kansa. Jami'a ce za ta karɓe su yadda suke.

Wani zai kawo zancen IELTS, gwajin da ake sa 'yan Najeriya su biya maƙudan kuɗi su zauna kafin su tafi Ingila ko Kanada, wanda kuma yake mutuwa bayan shekara biyu. A 2022 an yi gangamin sa hannu ana neman a cire Najeriya daga wannan sharaɗi, kuma wasu jami'o'i, irin ta Alberta a Kanada, sun sassauta. Ƙorafin yana da tushe. Amma ko ba komai wannan gwajin yana auna saurare da karatu da rubutu da magana daban-daban, ya ba kowanne makinsa, har mutum ya san inda rauninsa yake. Namu lamba ɗaya yake bayarwa.

Abin da zai yiwu ba tare da jiran Abuja ba

Majalisar malaman kowace jami'a tana da ikon tsara yadda za ta koyar da GST 111. A makon farko za a iya zaunar da sababbin ɗalibai, tsangaya-tsangaya, a ba su nassi daga fannin da suka zo karanta, su taƙaita shi, su rubuta shafi guda. Ɗaliban digiri na biyu da na uku a sassan Turanci da Ilimi za su iya dubawa idan aka horar da su aka biya su. Waɗanda suka nuna ƙwarewa a sauƙaƙa musu zaman aji, wanda hakan kaɗai zai rage cunkoso. Waɗanda suke da rauni sosai a raba su ƙananan rukunai, su riƙa rubutu kowane mako ana gyara musu, suna tafiya da sauran darussansu, ba tare da an ƙara musu shekara ko an canza sunan kwas ɗin a takardar sakamakonsu ba. A jami'o'in Kano da Sakkwato da Katsina, inda mai koyarwar da ɗaliban galibi harshensu ɗaya, babu dalilin hana shi ya yi bayanin ƙa'idar rubutu da Hausa idan hakan ne zai sa a gane.

JAMB ma tana da abin bayarwa. Tunda a kwamfuta ake jarabawar, hukumar tana da bayanin kowace tambaya da kowane ɗalibi ya ci ko ya faɗi. Za ta iya raba makin Turancin ta nuna nawa aka samu a fahimtar nassi, nawa a nahawu, ta tura wa jami'a tare da sunan wanda aka ba gurbi. Abin da zai ci kuɗi shi ne masu duba rubutu da ɗakunan da ƙananan rukunai za su zauna, kuma wannan sai shugaban jami'a ya yarda ya ware masa kaso a kasafin shekara, kamar yadda ake ware wa ɗakin gwaje-gwaje da man janareta.